Rediyon Mai Girma da Kunnen Yayana

Jiya da hantsi rabin unguwarmu sun gan ni a kujerar baya ta motar gwamnati, ido a rufe, ina gyaɗa kai kamar wadda aka haifa a cikin sanyin esi. Kafin in dawo gida labari ya riga ni isa, wai na samu shiga wurin manya. Wata har ta aiko a tambayi Umma ko zan iya yi wa ɗanta hanyar aiki. Shi ya sa yau na ce bari in wanke kaina a rubuce a wannan fili namu, don da baki ba zan iya ba. Ni in mutum uku suka zuba mini ido lokaci guda, maganar da na ɗauko komawa ciki take yi.

Ga yadda aka yi. Yayana direba ne. Yana tuƙa wani Mai Girma wanda ba zan faɗi ofishinsa ba, don ni ma ban gama gane aikin ofishin ba. Iyakar sanina, akwai hukumomi, akwai masu sa wa hukumomin ido, shi kuma Mai Girma, Garkuwan Masu Jiran Gobe, shi yake sa wa masu sa idon ido. Aiki ne mai nauyi, shi ya sa yawanci a kishingiɗe yake yin sa.

Kwanan baya Mai Girma ya shiga motar wani abokinsa, wanda shi ma Mai Girma ne amma na wani abu daban. Ya ji waƙa tana tashi, ya yaba. Abokin ya dube shi da tausayi, ya ce ai wannan ba irin waƙar da talaka yake ji a waya ba ce. Wannan ba a matse ta ba, ba a rage mata komai ba, yadda ta fito daga bakin mawaƙi haka take shiga kunne. Sannan ya ce, "Naka rediyon yana karanta irinta kuwa?"

Namu Mai Girman bai san amsa ba. Ku da kuka san manyanmu, kun san ana iya gaya musu asibiti babu magani su yi barcinsu har da minshari. Amma a ce motar wani ta fi tasu da wani abu, ranar ko ruwa ba ya wuce musu maƙogwaro.

Washegari ya miƙa wa Yaya filashi, wannan ɗan abin da ake zuba waƙoƙi a ciki a soka a jikin rediyo. Ya ce ya je ya zaɓo rediyon da zai karanta abin da ke ciki, ya saurara da kunnensa, kada ya yarda da bakin mai shago. Ya ƙara da cewa, "In abokina ya shiga motar nan ya ji bambanci, kai ma za ka ji bambanci."

To a nan gizo yake saƙa. Yaya ba ya ji sosai. Jiniyar nan da ake kore ku da ita daga kan titi, ku sau ɗaya take wuce ku ku yi tsaki ku ci gaba da harkarku. Shi shekara da shekaru a bayanta yake wuni. Yana jin hon, yana jin tsawa, yana jin Umma in ranta ya ɓaci. Amma magana a hankali da siririn sauti sun daɗe da yi masa sallama. A wurin aiki ba wanda ya sani, don yana da tabbacin ranar da aka gane direba ba ya ji, ranar za a karɓi makulli. Kuma da aikin nan ake ɗora tukunya a gidanmu. Umma da matarsa da 'yarsa, har da ni duk lokacin da keken ɗinkina ya yi yaji.

Za ku ce to yaya yake yi da maigidan nasa. Yana kallon bakinsa ta madubi. In ya ga sunan wuri ne, ya gane, don wuraren da Mai Girma yake zuwa ba su da yawa: ofis, gida, ɗaya gidan, da otal ɗin da ake taron rage kashe kuɗi. In kuma ya ga bakin ya daɗe yana motsi sannan ya tsaya, sai ya ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe." Ya ce tunda ya fara aikin bai taɓa ganin ranar da wannan amsa ba ta dace ba.

Ina kan keke ina ɗinka wuyan wata riga ya leƙo.

"Auta, tashi ki raka ni."

"Ina?"

"Aron kunne za ki ba ni."

Na ce ni me na sani game da rediyon mota, ni da ko keken hawa ban taɓa mallaka ba. Bai ji ni ba. Umma ce ta ji daga tsakar gida.

"Tafi da ita," in ji ta da ƙarfi. "Yarinyar da take jin an buɗe tukunya tana ƙofar gida. Bakin ne Allah bai ba ta ba, amma kunnen ya ba ta na mutum biyu."

Shagon mai haɗa rediyon yana manne da gidan mai, kuma kun san halin da gidajen mai suke ciki. Layi ya miƙe ya sha kwana ya ɓace. Masu motar haya sun shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motocinsu sun kwanta, masu babur sun jingina da juna, masu jarka sun jera jarkunansu sun sa dutse a kan kowacce don ta riƙe musu wuri. An ce mai yana nan tafe. Kullum yana nan tafe, ban san daga ina ya taso ba da har yanzu bai iso ba, ko da ƙafa yake zuwa. Mu kuwa muka kutsa ta gefensu da tanki cike taf, don motar Mai Girma a wani wuri take sha, bayan wata katanga, inda ba a taɓa jin labarin layi ba. Na sunkuyar da kaina har haɓata ta taɓa ƙirji.

Mai shagon, Injiniya kowa yake ce masa. Ɗan siriri ne, da sukundireba a bayan kunne. Shagon nasa in mutum biyu suka shiga, na uku sai ya tsaya a waje. Wayoyi ja da baƙi sun sauko daga rufi, gawarwakin rediyoyi a tare a lungu cikinsu a buɗe, ga ƙofar wata mota an jingina ta da bango da sifika a jikinta, ita kaɗai, ba a san inda sauran motar ta tafi ba.

Yaya ya yi masa bayani da ƙarfi kamar mai kiran wani a tsallaken titi. Injiniya ya dube shi, ya dube ni, ya gane wa zai yi wa magana.

"Ƙanwata, kin san waƙar da ke cikin wayarki?"

Na gyaɗa kai.

"Wannan MP3 ce. An matse ta ne don ta yi ƙarama. Masu abin sun zauna sun ce, wane sauti ne kunnen mutum ba zai lura ba in an cire? Sai suka cire shi suka zubar. Waƙa tana nan, ana ji, ana rawa, amma ba duka ba ce."

A raina na ce ashe da wannan ilimin ake yi mana titi. A zauna a ce, wane buhun siminti ne idon talaka ba zai lura ba in an cire? Titi yana nan, ana bi, har a yanka ƙyalle a buɗe shi, sai damina ta zo ta nuna inda aka matse.

"Ita kuma wadda maigidanku yake so," in ji Injiniya, "ba a zubar da komai ba. Duba jikin kwalin nan. In kin ga waɗannan haruffa, FLAC, to an ce yana karanta ta. An ce fa."

Na farko da ya ɗauko, allonsa ya kai faranti. Fitilu suna zagaye shi, shuɗi ya koma ja, ja ya koma kore. Yaya ya washe baki, don shi wannan ne irin sautin da yake iya gani. Jikin kwalin kuwa babu abin da ba a rubuta ba, har da haruffan nan. Injiniya ya haɗa shi da batir a kan tebur, ya soka filashin. Rediyo ya yi tunani. Ya ƙara tunani. Can ya rubuta cewa babu komai a ciki.

"Kin gani ko? Kwalin ne yake karantawa, ba rediyon ba."

Na ce a raina wannan rediyo da mutum ne da tuni ya ci zaɓe.

Yaya ya ce to ba sai a tura waƙar daga waya ta bulutut ba, yadda kowa yake yi. Injiniya ya girgiza kai, ya ce ta bulutut ko cikakkiya ka turo, a hanya ake sake matse ta kafin ta iso. Wannan ban sha wahalar ganewa ba, don na taɓa tsayawa layin kayan tallafi. A rediyo aka ce buhu, a hannuna na ga leda.

Wanda ya karanta filashin wani baƙi ne marar ado, ɗan allonsa kamar na agogo, ba fitila ba rawa. Yana sokawa sunayen waƙoƙi suka fito. Amma Injiniya ya ce rediyo kaɗai aikin banza ne. Tsofaffin sifikun motar sun gaji, dole a sauya su, a kuma lika wani baƙin abu mai kauri a cikin ƙofofi don kada ƙarfe ya riƙa kaɗawa.

"In ba haka ba, da kun faɗa rami ɗaya ƙofa za ta fi mawaƙin murya. Kuma ramukan nan kun fi ni sanin masu su."

Ya ɓalle ƙofofi, ya zare wayoyi, ya cusa, ya ɗaure, mu muna zaune a benci muna kallon layin mai yana nan inda yake. Da ya gama ya ce sai gwaji, kuma gwaji yana da ƙa'ida. A tayar da inji, a rufe gilashi, a kunna esi, mai sauraro kuma ya zauna daidai inda maigida yake zama, don saboda wannan kujera ake saita sauti.

"Shiga, Hajiya. Rufe ido. Ido yana raba wa kunne hankali."

Ku duba mini wannan hali. Mutane sun kwana a layi don abin da bai cika jarka ba, ga mota a tsaye a gabansu tana ƙona mai don a sanyaya wata yarinya mai silifas ta ji waƙa. Ina shiga na hango Gwaggo, maƙwabciyarmu mai injin markaɗe, tsaye da jarkarta, ta kama haɓa tana kallona. Na rufe idon da sauri, ba don Injiniya ya ce ba.

Waƙar farko ta yabon Mai Girma ce. Injiniya ya fara sa mini matsattsiyar da ya juya a wayarsa, sannan ya sa cikakkiyar. Zan gaya muku gaskiya, don kada wani ya sayar da akuyarsa a kan wannan abu: bambancin yana nan, amma ba mai yawa ba ne, kuma ina zaton rabinsa aikin sababbin sifikun ne. A cikakkiyar na ji tafin makaɗi yana goga fatar ganga kafin ya buga. Na ji 'yan amshi su nawa ne, da wanda yake makara a cikinsu. Na kuma ji mawaƙin yana jan dogon numfashi ya haɗiyi yawu daidai wurin da zai ce Mai Girma ba ya barci saboda talaka. Bawan Allah, shi ma da iyali.

Na ɗaga wa Yaya babban yatsa. Ya saki ajiyar zuciya, ya shafa sitiyari.

Abu na biyu a filashin ba waƙa ba ce. Jawabin da Mai Girma ya yi ne ranar da ya zo buɗe famfon unguwarmu. Wannan famfo kun san shi, ko ba ku san namu ba kun san naku. Ya zubo da ruwa ranar buki, tun daga nan yara suke ɗaure awaki a jikinsa. An ɗauko masu ɗaukar sauti daga nesa, suka kafa makirufo ko'ina, har a tsakiyar jama'a, don tafi ya fito da kyau. A tsohon rediyon motar, Mai Girma ya sha sauraren jawabin nan a matse, abin da yake ji muryarsa ce a sama, a ƙasa kuma wani yuuu kamar ruwan sama.

A sabon rediyo, yuuu ɗin nan ya rabu ya zama mutane.

Da farko na ji wani namiji yana cewa a hankali, "Ku tafa. Ya isa. Ku jira. To ku tafa." Na ji wani yana tambayar ko za a mayar da su gida a motar da ta kawo su. Na ji jariri. Sannan daidai lokacin da Mai Girma ya ce daga yau ƙishirwa ta zama tarihi, sai wata murya ta fito daga sifikar ƙofar dama, kusa da gwiwata, tas kamar mai ita tana zaune a gefena.

"Ƙarya yake yi. Tankar ruwa ce a bayan katanga. Suna tafiya ita ma za ta tafi."

Na buɗe ido. Muryar Gwaggo ce. Ga ta can a layi da jarka, ga ta nan a ƙofar mota.

Yaya yana kallona ta madubi yana murmushi. "Ya yi ko?"

Na matso na ce masa a hankali akwai matsala.

"Me?"

Na ƙara faɗa, ina nuna sifikar, na ce mutanen taron ne suke magana. Ya kashe rediyon, ya sauke gilashi wai ko iska za ta taimaka, ya juyo da kunnensa.

"Ɗaga murya mana, Auta. Me mutanen suke cewa?"

Na tattara duk ƙarfin da Allah ya ba ni, ni da ko mai kayan miya ban iya kira daga nesa ba, na ce, "Cewa suke Mai Girma ƙarya yake yi!"

Duk layin mai ya juyo. Wani mai motar haya ya ɗago kai daga kan kwalinsa, ya dubi lambar motar, ya dube ni.

"'Yan mata, yau kuka sani a can ciki?"

Dariya ta tashi tun daga bakin famfon mai har inda layi ya sha kwana. Wani mai babur ya danna hon. Ni kuwa na zame daga kujerar Mai Girma na durƙusa a inda yake ajiye takalmi, na zauna a nan har aka ɗaga gilashi.

Yaya bai yi dariya ba. Gumi ya karyo masa duk da sanyin motar. Injiniya ya sosa ƙeya da sukundireba ya ce hanya biyu ce. Ko a mayar da tsofaffin sifiku, a sa mai fitilun nan, a matse komai yadda zai karanta, mutanen ƙasa su koma yuuu ɗinsu. Amma ranar da abokin ya zo da nasa filashin ya soka, rediyo zai ce babu komai.

"Zai zo kuwa," in ji Yaya. "Don shi ake yin abin gaba ɗaya."

Injiniya ya ce, "To a bar wannan da na haɗa. Zan rage siririn sauti in ƙara kauri, muryarsa ta danne tasu. Muddin bai taɓa wannan maɓallin ba, lafiya lau."

Jama'a, ku gaya mini tsakani da Allah, kun taɓa ganin babban mutum ya ga maɓalli ya ƙyale shi?

Sauran labarin ba a gabana aka yi ba. Rabi Yaya ya gani ta madubi, rabi kuma mai riƙe wa Mai Girma jaka, wanda yake zama a kujerar gaba, shi ya faɗa masa daga baya da ihu a cikin kunne, don yana da dalilin yin ihu.

Da yamma Mai Girma ya shiga mota, ya ƙare wa rediyon kallo, ya ce ina fitilun. Yaya ya ce manyan rediyoyi ba sa fitila, ranka ya daɗe. Wannan ta yi masa daɗi. Aka sa waƙar yabo, ya lumshe ido. Aka sa jawabi, ya gyara zama. Sai ya ce wa Mai Jaka, "Me ya sa waɗancan layukan sauti na jikin allon suke rabi? Da dukiyar jama'a aka sayi abin nan, ba za a yi asarar rabinsa ba. Ƙure komai."

Mai Jaka ya ƙure komai.

Yaya ya ce ya ga fuskar tana sauyawa a hankali. Murmushin ya fara sauka ta gefe ɗaya. Mai Girma ya dubi ƙofar dama, ya janye gwiwarsa daga jikinta. Ya sa aka mayar baya, aka sake sawa. Sannan bakinsa ya yi motsi ya yi motsi, ya tsaya, idonsa a kan madubi.

Yaya ya san akwai Gwaggo a cikin ƙofar, ya san ranar ba ta kullum ba ce. Amma bakin da ya saba shekara da shekaru bai jira shawararsa ba.

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe."

Abin da Mai Girma ya tambaya shi ne, "Direba, kai ma kana ganin ƙarya nake yi?"

Mai Jaka ya mintsini cinyar Yaya har sai da motar ta yi tangaɗi. Aka ce ya tsaya. Ya gangara gefen titi, ya kashe inji, ya juya gaba ɗaya, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ya auna ya ga in korar ce, gara a kore shi a kan kunne da a kore shi a kan zagi, don mai zagi ba a barinsa ya tafi gida kai tsaye. Ya cire hula ya ce, "Ranka ya daɗe, ban ji abin da ka ce ba. Ba na ji. Jiniya ta cinye mini kunne. Rediyon ma ƙanwata ce ta zaɓa."

Mai Girma ya daɗe yana kallonsa. Ya sa hannu ya rufe bakinsa ya faɗi wata magana, wadda Mai Jaka ya ce ko a gaban alƙali ba zai maimaita ba. Yaya yana nan yana ƙifta ido. Mai Girma ya sauke hannun, ya matso, ya yi magana da ƙarfi yadda za a ji.

"Tun yaushe?"

"An daɗe, ranka ya daɗe."

"Wato duk wayar da nake yi a motar nan?"

"Ko ɗaya."

"Da wadda na yi da ɗan kwangilar nan? Da ta ranar da muka je ɗaya gidan?"

"Bakinka kawai nake gani yana motsi, ranka ya daɗe."

Yaya ya ce bai taɓa ganin mutum ya samu sauƙi irin haka ba, kamar an sauke masa buhu daga ka. Mai Girma ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya dafa kafaɗar Yaya ya ce shekarunsa nawa yana neman amintaccen ma'aikaci, ashe yana gabansa. Ya ce muddin yana kan kujera, ba mai taɓa wannan sitiyari sai shi. Daga nan ya juya a hankali ya dubi Mai Jaka.

"Kai fa? Kana ji?"

Yau da safe Mai Jaka a motar baya ya tafi ofis, tare da 'yan rakiya.

Rediyo yana nan, an ce Mai Girma ya ƙosa abokinsa ya shigo. Jawabin dai an cire shi daga filashin, an kuma kafa kwamiti ya binciko yadda aka yi jama'a suka shiga cikin sautin taron jama'a. Na ji ana shirin sake buɗe famfon, wannan karon da makirufo ɗaya.

Gwaggo ta shigo ɗazu, jarkarta a hannu ba komai a ciki.

"'Yar nan, an ce kin zama ta manya."

Na ce mata ba ni ba ce, ita ce. Na gaya mata inda muryarta ta shiga, da abin da ta ce, da yadda Mai Girma ya janye gwiwa. Ta ajiye jarkar ta zauna a bakin gadona.

"A cikin motar tasa? Da esi da komai?"

"Da komai, Gwaggo."

"Ya ji ni da kyau?"

"Har sau biyu."

Ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Da na san ana ɗauka ai da na haɗa da maganar kwatar nan da ta toshe."

To kun ji. Ban samu shiga ba, kuma ba ni da hanyar aikin ɗan kowa. Aikin Yaya dai ya tsira, tukunyarmu za ta ci gaba da hawa wuta. Sai dai Mai Girma ya gindaya sharaɗi ɗaya kafin su rabu jiya, ya kuma faɗe shi da ƙarfi don kada a ce ba a ji ba: kada Yaya ya kuskura ya je wurin likitan kunne.

Da Yaya ya dawo jiya da dare ya zauna a tabarma, 'yarsa ta hau cinyarsa. Kwanan nan ta fara haɗa magana. Ta kama gemunsa ta gaya masa wani dogon labari, shi kuma ya bi bakinta da ido, sannan ya dube ni. Na ce cewa take kyanwa ta sha mata ruwa. Ya yi dariya a makare, lokacin ita har ta sauka ta tafi. Can ya ce mini dama yana ta shirin neman izinin rana ɗaya ya je a duba shi, saboda yarinyar nan.

Ban so in bar shi da wannan a rai ba, don haka yau na bi ta babban asibiti na tambaya, a hankali, sai da mai gadi ya sa na maimaita. Ɗakin likitan kunne yana nan, an yi masa sabon fenti. Likitan da na'urar ne ake jira, an ce suna hanya tun ina firamare. Na dawo na gaya wa Yaya ya kwantar da hankalinsa, ko ya so saɓa wa Mai Girma babu inda zai je ya saɓa. A iya sanina wannan ne karo na farko da manya suka ba da umarni, kuma suka riga suka tanadi duk abin da ake bukata don a bi shi.